Wace unguwa zan sauka a birnin Rum? Tambayoyi da amsoshi ga mai shirin tafiya

Duk wanda ya ce mini zai je Rum, babban birnin Italiya, da maganar otal yake farawa: wanne ne mai kyau, wanne ne mai sauƙi. Ni kuwa nakan ce a ajiye batun otal tukuna, a fara da unguwa. Ɗaki kwana kawai za ka yi a cikinsa. Unguwar ce za ta yanke maka yawan tafiyar ƙasan da za ka yi kullum, da abin da za ka ci, da ko barcin ma zai samu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini. Sunayen unguwanni na bar su yadda ake rubuta su a can, domin haka za ka gan su a allon tasha da taswirar waya. Shi kansa birnin, Roma za ka ga an rubuta a tikitinka.

Ban taɓa zuwa ba. Yaya fasalin garin yake?

Wanda ya san Kano ko Zariya ya riga ya fahimci rabin Rum: akwai cikin ganuwa, akwai waje. Ganuwar tasu a shekara ta 271 miladiyya aka fara gina ta, zamanin sarki Aureliyan. Ta zagaye kusan kilomita 19, kuma har gobe mafi yawanta na tsaye da ƙofofinta. Kusan duk abin da ke kai baƙo Rum yana cikinta ko a gindinta. Kogin da suke kira Tevere ya ratsa garin daga arewa zuwa kudu. A gabashinsa Kolosiyam yake, wato tsohon filin wasan daular Rum, da Pantheon, tsohon ɗakin bautarsu, da babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini. A yammacinsa akwai Batikan da unguwannin Prati da Trastevere. Can nesa kuma wata babbar hanyar mota ta yi wa birnin zobe, sunanta GRA, tsawonta kilomita 68. Ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Sai jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda kowa ke kira metro. Layi uku ne kacal, A da B da C, abin da ya yi kaɗan ƙwarai ga birni mai mutum sama da miliyan biyu da rabi. Dalili kuwa shi ne duk inda aka sa diga a Rum sai an ci karo da ginin mutanen da, sai aiki ya tsaya, masana su zo su tona a hankali. Layin A da na B a Termini suka haɗu. Ainihin tsakiyar tsohon gari, wajen Pantheon da Piazza Navona, babu tasha ko ɗaya. Shi ya sa duk unguwar da aka ambata maka, ka fara tambaya: minti nawa ne a ƙafa zuwa tashar metro, kuma wane layi?

Kwana uku ko huɗu zan yi, yawon buɗe ido kawai. A gaya mini wuri ɗaya, kada a ja ni da nisa.

Monti. In ba a samu ba, Prati.

Monti ita ce ta farko a lissafin unguwanni 22 na tsohon gari. Tana tsakanin Termini da Kolosiyam, tasharta Cavour a layin B, zango ɗaya daga kowannensu. Minti goma a ƙafa ka isa Kolosiyam. A zamanin daular Rum nan ce unguwar talakawa mai cunkoso da ake kira Suburra, yau kuwa ƙananan kantuna ne da gidajen abinci a lunguna masu kyan gani. Aibinta biyu. Sunan da kansa yana nufin tuddai, kuma hawa da gangara gaskiya ne. Sannan 'yan titunan da ke kewaye da ƙaramin dandalin Madonna dei Monti ba sa yin shiru da wuri.

Prati daban take. Bayan 1870 aka fara gina ta, lokacin da Rum ta zama babban birnin haɗaɗɗiyar Italiya, don haka titunanta miƙaƙƙu ne masu faɗi, ƙasa shimfiɗe, gidajen manya-manya. Unguwar lauyoyi ce da ma'aikata. Tana da tashoshin Lepanto da Ottaviano a layin A, da titin sayayya na Via Cola di Rienzo, kuma Batikan na maƙwabtaka da ita. Ofishin jakadancin Najeriya ma a nan yake, a Via Orazio, abin da zai yi maka rana in fasfo ya ɓata, Allah ya kiyaye. Da dare Prati tsit take yi. Wanda zai tafi da iyali, ita nake fara nuna masa.

Na ga otal-otal ɗin kusa da Termini sun fi araha. Amma an ce wurin ba tsaro. Mene ne gaskiya?

Duka maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu. Termini ita ce cibiyar sufurin garin: metro biyu, tashar bas a ƙofarta, jirgin filin jirgin sama, da jiragen ƙasa masu gudu da ke kai mutum Napoli cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, Milan kuma cikin awa uku. Wanda zai kwana ɗaya ya wuce, ko wanda zai riƙa fita wasu garuruwa yana dawowa, babu inda ya fi masa nan.

Sai dai tasha tasha ce, ko'ina a duniya. Da rana cunkoso da 'yan sane, da dare kuma titunan da ke manne da ita sukan canza kama. Tashar na da gefe biyu, na Via Marsala da na Via Giolitti, kuma duka biyun za ka ga masu kwana a bakin titi. Da yawansu 'yan uwanmu ne 'yan Afirka, wasu ta Agadas da Libiya suka bi suka tsallaka teku, takarda ba ta samu ba, aiki bai samu ba. Ganinsu na sosa rai, kuma bai kamata baƙo ya ɗauke su duka a matsayin abin tsoro ba. Amma akwai mashaya da masu ƙwace a cikin duhun wurin, wannan ma ba a ɓoye shi.

Abin da nake ba da shawara: kada ka kama ɗaki a titin farko ko na biyu daga tashar. Ka matsa tafiyar minti bakwai zuwa goma, ko dai wajen majami'ar Santa Maria Maggiore, inda aka binne Fafaroma Francis a watan Afrilun 2025, ko wajen Piazza della Repubblica da Via Nazionale. Farashin bai ƙaru sosai ba, amma hankalinka zai fi kwanciya in ka dawo bayan isha'i. Ka kuma sani cewa yawancin abin da ake kira otal a yankin bene ɗaya ne a cikin gidan da wasu ke zaune, ƙofa ɗaya kuke shiga, wani lokaci ba mai karɓar baƙi da dare.

Game da 'yan sane, ba a unguwa ɗaya suke ba. Inda baƙi ke matsuwa nan suke: layin A, da bas mai lamba 64 da ke zuwa Batikan daga Termini. Aljihun gefe na babbar riga ko kaftani buɗaɗɗe ne, kada waya ko fasfo su zauna a ciki.

Abincin halal fa? Akwai unguwar da ta fi sauƙi ga Musulmi?

Akwai, ita ce Esquilino, kudu da Termini, kewaye da babban dandalin Piazza Vittorio. Tasharta Vittorio Emanuele a layin A. Nan ne mahaɗar baƙin Rum: 'yan Bangaladash, 'yan Sin, Larabawa, 'yan Afirka ta Yamma. A nan kasuwar Nuovo Mercato Esquilino take, rufaffiyar kasuwa mai mahautan halal, inda za ka samu doya da kuɓewa da manja da attaruhu da busasshen kifi. Da safe ta fi ci, ranar Lahadi kuma a rufe take. Wanda ya kama gida mai kicin a wannan yanki zai iya kaɗa miyarsa kamar yana gida. Unguwar ba ta kai Prati tsafta ba, wasu sassan sun tsufa ba gyara, amma ina son ta, domin baƙar fata ba baƙon abu ba ce a titunanta, ba mai waiwayowa ya kalle ka.

In a wata unguwa ka sauka, to sai ka yi kaffa-kaffa da abincin gargajiyar garin. Taliyar da Rum ta yi suna da ita, carbonara da amatriciana da gricia, dukansu da naman kumatun alade ake yin su, wanda suke kira guanciale. A ido ba ka ganewa sosai, ƙananan yanka ne a cikin miya. Wadda ba ta da nama ita ce cacio e pepe, cuku ne da masoro kawai. Kalmomi uku za ka haddace: maiale shi ne alade, strutto shi ne kitsensa da akan sa a wasu burodi da kayan fulawa, vino kuma giyar inabi, wadda akan zuba a girkin nama da na kifi. Ka ce "senza maiale", wato ban da alade, za su gane.

Wata dabara da ba kowa ya sani ba: tsohuwar unguwar Yahudawa, Ghetto, a bakin kogi daura da Trastevere. A 1555 Fafaroma Paul na huɗu ya killace Yahudawan Rum a wurin, suka shafe sama da shekara 300 a takure. Yau titin Via del Portico d'Ottavia cike yake da gidajen abinci masu bin dokar abincin Yahudawa, waɗanda alade ba ya shiga kicin ɗinsu. Waɗanda suka fi tsanantawa sukan rufe daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar.

Ina so in samu Juma'a. In sauka kusa da babban masallaci?

A'a, ba sai ka sauka kusa ba. Babban masallacin Rum na arewacin gari, a gefen unguwar masu hali ta Parioli, a gindin tudun Monte Antenne. Majalisar birnin ce ta ba da filin a 1974, Sarki Faisal na Saudiyya ya tsaya wa aikin, aka aza harsashi a 1984, aka buɗe a 1995. Yana cikin mafi girma a Turai, kuma ginshiƙansa na ciki masu kama da itatuwan dabino abin zuwa gani ne ko ba ranar Juma'a ba. Amma kewayensa filayen wasanni ne da itatuwa, ba kantuna, ba metro. In ka kwana a can don salla ɗaya, sauran kwanakin duk a hanya za su ƙare.

Hanyar zuwa mai sauƙi ce. Ka sauka a tashar Flaminio ta layin A, ka fito dandalin, akwai ƙaramar tashar jirgin da ke zuwa arewa. Ka shiga ka sauka a Campi Sportivi, daga nan sai 'yar tafiya, ka bi ayarin masu jallabiya. Daga Prati zango ɗaya ne tsakanin Lepanto da Flaminio, wani dalilin da ya sa nake yabon Prati ke nan. Bayan an idar akan kafa rumfunan abinci a waje, na Larabawa da na Asiya.

Salloli biyar kuwa, akwai ƙananan masallatai a cikin shaguna da ƙasan gidaje kewaye da Piazza Vittorio, da Torpignattara, da Centocelle. Ba za ka ji kiran salla a lasifika ba, ƙararrawar coci za ka ji, don haka ka dogara da wayarka. Mu da muka saba cewa a fuskanci gabas, a Rum alƙibla kudu maso gabas take. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura na dare, asuba kuma tun kafin ƙarfe huɗu, daren gajere ne ƙwarai, to unguwa mai hayaniya za ta cinye maka ɗan abin da ya rage. Abu ɗaya mai daɗi: kusan kowane banɗaki a Italiya na da kwamin tsarki a gefen masai, wanda suke kira bidet. Duk da haka ƙaramar buta ba ta da nauyi a akwati.

Hotunan Trastevere sun burge ni. Me ya sa ba ka sa ta a gaba ba?

Domin hoton da safe ake ɗaukarsa. Trastevere kyakkyawa ce, ba musu: lunguna, gidaje masu launin jar ƙasa, ganye na bin bango. Amma ita ce matattarar masu shan giya da dare, ɗalibai da baƙi, har ƙarfe biyu ana ihu a ƙarƙashin taga, musamman wajen Piazza Trilussa. Ba ta da metro, sai taram mai lamba 8, wato jirgin da ke bin dogo a tsakiyar titi. Tashar jirgin ƙasa mai suna Trastevere kuma ta yi nisan tafiyar kusan minti ashirin da wurin da kake gani a hoto, mutane da yawa sun ruɗu da sunan. Ka je da hantsi ka sha kallo, ka hau tudun Gianicolo ka hango garin gaba ɗaya. In kuwa lallai nan ranka ya kwanta, nemi ɗaki a ɓangaren majami'ar Santa Cecilia, ya fi shiru.

Tsakiyar tsohon gari ta cancanci tsadarta?

Ga mai kwana biyu da ke da kuɗin, ta cancanta. Ka fito da sassafe ka tarar da Pantheon da maɓuɓɓugar Trevi ba kowa, kafin ayarin baƙi su iso, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Komai a ƙafa za ka je. Amma ɗakunan ƙanana ne, gidajen sun yi ɗaruruwan shekaru, da yawa ba lif, abinci ya fi tsada kuma bai fi daɗi ba. Kauce wa Campo de' Fiori in kana son barci. Kada kuma ka ɗauki hayar mota ka ce za ka shiga da ita: yankin na da dokar taƙaita shiga, za ka ga allo an rubuta ZTL, kyamara ce ke ɗaukar lamba, tarar ta biyo ka har gida.

Mu Kiristoci ne, ziyarar ibada za mu je Batikan. Ina ya dace?

Borgo ce manne da dandalin Waliyyi Bitrus, sai Prati a bayanta, sai yankin tashar Cipro da Aurelio inda farashi ya fi sauƙi. Kusanci na da amfani domin layin binciken tsaro tun da sassafe yake tsawo, musamman ranar Laraba da Fafaroma kan gana da jama'a in yana gari, da Lahadi da tsakar rana da yake yin addu'a daga taga. Ku tambayi gidajen saukar baƙi na 'yan zuhudu, ana kiransu casa per ferie. Tsaf suke, kuɗinsu da dama-dama, suna karɓar rukuni, sai dai wasunsu na rufe ƙofa da dare a ƙayyadadden lokaci. Sauran manyan majami'u uku na warwatse: Santa Maria Maggiore kusa da Termini, San Giovanni a layin A, San Paolo a layin B can wajen ganuwa. Tashar Ottaviano za ta haɗa ku da su duka.

Taro zan je a ɗaya daga hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya.

To ka duba takardar gayyatar da kyau, domin hukumomin uku ne kuma ba wuri ɗaya suke ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona, FAO, wadda ta koma Rum a 1951, tana bakin tashar Circo Massimo a layin B. Aventino da San Saba da Testaccio duk a ƙafa za ka je, Monti kuma zango biyu ne. Asusun bunƙasa aikin gona, IFAD, wanda ɗan Najeriya Kanayo Nwanze ya shugabanta daga 2009 zuwa 2017, yana kudu, wajen Laurentina, ƙarshen layin B, kusa da EUR. Ita EUR Musolini ne ya tsara ta don baje kolin duniya na 1942 da yaƙi ya hana, unguwar ofisoshi ce mai faɗi, da dare ba kowa. Shirin samar da abinci, WFP, yana Parco de' Medici a hanyar filin jirgin sama, tashar Muratella a layin jirgin ƙasa na FL1. Mai zuwa can ya kama ɗaki kusa da tashar Ostiense ko ta Trastevere, ya huta da canjin mota.

Da mahaifiyata zan tafi, ƙafarta ba ta da ƙarfi sosai. Ga yara biyu.

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abokin gabarku shi ne daɓen garin: ƙananan baƙaƙen duwatsu da ake kira sampietrini, masu gargada, masu santsi in an yi ruwa, masu karya tayar akwati da keken jariri. Tsohon gari da Trastevere da Monti duk su ne a shimfiɗe. Prati za ku nufa, ko San Giovanni. Kafin ka biya, rubuta wa masu gidan ka tambaya ko akwai lif, wato ascensore, kuma ko akwai matakala kafin a kai gare shi, domin tsofaffin gidaje da yawa sai an hau 'yan matakai kafin lif ɗin, shi kansa kuma mutum biyu ko uku yake ɗauka. Ruwan sha ba matsala: famfunan ƙarfe da suke kira nasoni sama da 2,000 ne a tituna, ruwa mai sanyi kyauta dare da rana.

Ni mace ce, ni kaɗai zan je, kuma ina sa hijabi.

Za ki ga masu hijabi a metro da kasuwa, ba abin mamaki ba ne a Rum, garin da 'yan zuhudu ma ke yawo da lulluɓi. Ki zaɓi otal mai mai karɓar baƙi dare da rana, a kan titi mai haske, bai fi minti biyar daga tasha ba. Prati ko ɓangaren Monti na kusa da Via Nazionale. Metro na daina aiki ƙarfe 11:30 na dare, Juma'a da Asabar kuma 1:30, ki tsara dawowarki a kan haka.

Na samu otal mai tauraro huɗu da rabin kuɗi, adireshinsa ma Roma ne.

Buɗe taswira ka ga ko yana cikin zoben GRA. Ƙaramar hukumar Rum faɗi gare ta, har gonaki da bakin teku ta haɗa, duk adireshinsu Roma. Na taɓa sauka a irin wannan wuri, an rubuta cewa akwai motar otal da ke kai baƙi gari. Ashe sau ƙalilan take tashi a yini, ta ƙarshe kuma da wuri. Abin da na rage a kuɗin ɗaki a tasi ya ƙare, ga awa biyu da ke tafiya a hanya kullum. Araha ba ta ado. Nisa ba laifi ba ne in a bakin tashar metro kake: wuraren Re di Roma da Ponte Lungo a layin A, ko Bologna da Garbatella a layin B, duk unguwannin 'yan gari ne masu sauƙin kuɗi, minti goma zuwa sha biyar ka shiga tsakiya. Tikiti ɗaya na aiki minti 100, bas da taram ko nawa, metro shiga ɗaya.

Mako uku zan yi ko fiye. Ina zan zauna kamar ɗan gari?

Testaccio nake so. Unguwar ma'aikata ce da ta taso a kewayen babbar mayankar garin, wadda aka rufe a 1975, shi ya sa girkinsu na kayan ciki ne da jelar sa. A tsakiyarta akwai tudu guda da ba ƙasa ba ce, tarin fasassun tulunan man zaitun ne na zamanin daular Rum. Tana da kasuwa mai kyau da tashar Piramide. Wanda aljihunsa bai kai nan ba ya duba Pigneto ko Torpignattara ta layin C, inda halal ke ko'ina. San Lorenzo ta ɗaliban jami'ar Sapienza ce, arha amma hayaniya.

Ƙwallo za ta kai ni.

Roma da Lazio duk a Stadio Olimpico suke wasa, arewa da Prati. Sauka a Flaminio ko Prati, taram mai lamba 2 daga Flaminio zai kai ka Piazza Mancini, ka tsallaka gada a ƙafa.

Jirgina da dare zai sauka. Hakan zai canza zaɓina?

Sosai. Daga Fiumicino, babban filin jirgin, jirgin ƙasa na Leonardo Express na kai wa Termini cikin minti 32 a kan Yuro 14. Jirgin FL1 Yuro 8 ne, yana tsayawa Trastevere da Ostiense da Tiburtina, amma ba ya shiga Termini. Dukansu ba sa kwana suna aiki. In ka makara sai tasi: fara mai alama a kai, a layin tasi na waje, kuma akwai ƙayyadadden kuɗi zuwa cikin ganuwa da aka rubuta a jikin ƙofarta. Duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa tasi, wuce shi. Mai isowa tsakar dare kada ya kama gidan haya da sai mai shi ya zo ya miƙa makulli, otal ya fi, ko da na daren farko ne kawai.

Wata na da tasiri a kan zaɓin unguwa?

Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35. Zafi ba baƙonmu ba ne, amma a gida ba ma yini muna taka dutse a rana, don haka ɗaki mai na'urar sanyaya da za ka iya komawa ka huta da azahar ya fi komai. Kewayen 15 ga Agusta, hutun Ferragosto, 'yan gari kan tafi bakin teku, kantunan unguwannin zama su rufe, tsakiyar gari ce kawai ke ci gaba da harka. Makon Ista kuwa kewayen Batikan cika yake yi, farashi ya tashi.

Akwai kuɗin da za a caje ni bayan na ɗakin? Kuma me ya sa suke neman fasfo?

Akwai harajin kwana da birnin ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare. Tun Oktoban 2023 yana kamawa daga Yuro 4 a otal mai tauraro ɗaya zuwa Yuro 10 a mai biyar. Yara 'yan ƙasa da shekara goma ba sa biya, kuma bayan dare goma a jere ana daina lissafi. Sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet, a wurin ake biya. Fasfo kuwa doka ce ta wajabta wa duk mai saukar baƙi ya aika wa 'yan sanda sunayensu cikin awa 24, ba don kai baƙar fata ba ne. Su rubuta su mayar maka. Ka riƙa yawo da shi a aljihun ciki, domin 'yan sanda na da ikon tambayar takarda a tasha ko a titi.

Kafin in danna biya, me zan duba?

Kwafi adireshin ka sa a taswira, ka auna tafiyar ƙafa zuwa tasha da kanka, kada ka yarda da "kusa da Kolosiyam" da aka rubuta a talla. Duba hoton titin, in ka ga mashaya a ƙasan ginin ka san abin da dare zai zo da shi. Karanta ra'ayoyin waɗanda suka sauka kwanan nan, musamman masu ƙorafi, ka ga ko ƙorafin ɗaya ne yake maimaituwa. Nemi ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida, cortile a bakinsu. Halattaccen masauki na da lambar rajista ta ƙasa da ake kira CIN, tana jikin tallar da ƙofar gidan, in babu ita nemi wani. Kuma tunda ofishin biza zai nemi shaidar masauki tun kafin ya ba ka amsa, kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, ka rubuta ranar ƙarshe ta sokewar a inda za ka gani.